Dabinon Madina a Bakin Ruwan Peguche

Laraba: daga Takoma Park zuwa Kito

Gari bai waye ba Malam Isufu ya tsaya da tasinsa a ƙofar gininmu a Takoma Park, wajen ƙarfe huɗu. Mutumin Maraɗi ne, abokin marigayi maigidana, kuma tun bayan rasuwar bai taɓa bari na hau motar wani zuwa filin jirgi ba. Ya buɗe bayan mota yana jiran kaya, sai ya gan ni da jakar goyo guda ɗaya da sandar hawan dutse da 'yata Nafisa ta saya mini.

"Malama, ina balis ɗin? Wannan 'yar jikka ita ce tahiyar duka?"

"Ita ce, Malam Isufu. Dutse zan hau, ba biki za ni ba."

Sai da muka hau babban titi sannan ya yi gyaran murya. "Ni dai na ji ana hwaɗi bayan sallar Juma'a, wai wurin tsahi za ki."

"Ka ce da masu faɗi gaisuwa za ni. In sun san yadda ake gaida tsohuwa ba a je inda take ba, su koya mini."

Ya yi dariya, ya ce Allah shi kai lahiya.

To bari in warware muku daga tushe, tunda labarin ya riga ni yawo. Sunana Rakiya, 'yar Zariya ce ni, shekarata hamsin da tara, ina aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a nan Maryland ta Amurka. Ranar Asabar kuma ina koya wa 'yan mata karatu da tauhidi a Islamiyyarmu, wadda muke yi a ɗakin ƙasa na wani gida a Bowie. Shekara goma da ɗoriya makullin ƙofar gefe yana cikin jakata. Tun da maigidana ya rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, wannan ajin ne abin da nake ɗokin wayewar gari dominsa.

A wurin aiki akwai Rosa, 'yar ƙabilar Kichwa daga duwatsun ƙasar Ikwado. Ranar da aka yi mini rasuwa ta zo ta ɗaura ɗankwali a karkace, ta zauna a ƙasa cikin mata har kwana uku ba ta jin ko kalma ɗaya, ta wanke tukwane, ta karɓi aikina har na samu kaina. Ita kuwa shekara goma sha shida rabonta da uwarta, domin takardunta ba su kammala ba, in ta fita babu dawowa. Tsohuwar kuma ba ta magana a waya. In an miƙa mata sai ta dubi fuskar Rosa ta kau da kai, ta ce ba a yi wa 'ya magana ta cikin gilashi. Amma ta ce in wadda ta ci abinci kwano ɗaya da Rosa ta zo ta tsaya a madadinta a bakin magangarar ruwan garinsu, inda ta yi mata wankan sallama, to za ta faɗi abin da ke bakinta, a ɗauka a kai mata. Ranar da Rosa ta gaya mini haka tana share ido da bayan hannu, ban yi shawara da kowa ba na ce ni zan je. Zumunci a ƙafa yake, kuma ba a ce ƙafar ta tsaya a Kano ko Yamai ba.

Ana jibi zan tafi Hajiya Turai, shugabar kwamitin iyayen Islamiyya, ta kira ni.

"Malama Rakiya, mu fa ba mu hana ki hutunki ba. Amma an nuna mini a waya, ruwan nan bauta masa suke yi. Mai koya wa 'ya'yanmu tauhidi ba ta da abin yi a wurin. In kika taka, kwamiti zai yi mitin a kan ajinki. Na gaya miki tun da wuri."

"Na ji, Hajiya. Ku tanadi shayi."

Hajiyar nan ce dai ta dawo daga Umra a watan da ya wuce ta raba mana tsaraba, ni na samu ƙunshin dabinon Madina, baƙi mai laushi, a rufe cikin ledarsa. Shi na jefa a jaka, domin ba a zuwa gaida babba hannu rabbana.

A filin jirgi na Dulles aka laluba ɗankwalina kamar kullum, na samu lungu na yi asuba. Tikitin da Nafisa ta samo mini na masu ƙaramin ƙarfi ne, don haka sai da na yi zaman awa biyar a Panama. Na fiddo dafaffen ƙwaina da burodi na ci ina kallon masu sayen ruwan gora da kuɗin tuwon mutum biyu. Da magariba muka sauka Kito, babban birnin Ikwado. Jami'in kwastan ya juya ledar dabino, ya ga ba a buɗe ta ba, ya miƙo mini ya ce in wuce. Ina fita na ji numfashina ya gajarce, kaina yana sarawa, domin garin a can saman duwatsu yake. Na kwana kusa da filin jirgin, a wani masauki mai gado shida a ɗaki, dala goma sha biyar, ni da wasu 'yan matan Turawa da na haifi kowacce a cikinsu.

Alhamis: hanyar Otavalo

Da safe na shiga motar gari zuwa tashar arewa, inda ake hawa motar Otavalo, garin da ke kusa da ƙauyen su Rosa. Tun daga ƙofa na ji yaran mota suna "Otavalo, Otavalo!" suna jan hannun rigar mutane, na ce ashe 'yan kamashon tashar Kwangila ta Zariya suna da dangi a nan. Kuɗin mota bai kai dala uku ba. Ƙasar da dalar Amurka take ciniki, kuma duk kwabban dala ɗaya da Amurkawa suka raina, a can suka tare.

Tafiyar awa biyu ce, hanya tana naɗewa tana warwarewa a jikin duwatsu, rami a dama, gajimare a ƙasan ƙafarka. Masu talla suna hawa suna sauka, na sayi wani biskit mai gishiri da ake ci da cuku. A wani shinge 'yan sanda suka shigo duba takardu. Wanda ya karɓi fasfona ya dubi shuɗin bangon, ya dubi fuskata, ya sake duban bangon.

"Ba'amurkiya?"

"Takardar dai," na ce masa da guntun Sifaniyancin da na tsinta a wurin aiki. "Mai takardar Bahaushiya ce."

Bai san me ake ce wa Bahaushiya ba, amma ya sara mini ya wuce. Matar da ke gefena kuwa tunda ta ga hijabina ta yanke cewa 'yar cocin nan ce da ba sa aure, har ta nemi in sa wa jaririnta albarka. Na ce mata ni Musulma ce mai 'ya'ya uku, na shafa kan yaron na ce Allah ya raya.

A Otavalo na fara ganin 'yan uwan Rosa da yawansu. Matan suna ɗaura dogon baƙin zane har idon sawu, da farar riga mai aiki a wuya, da tsakiya rawaya jere-jere, wasu har da mayafi a ka. Na tsaya ina kallo ina tuna wasu 'ya'yanmu na Maryland da sai an yi yaƙi kafin su rufe gwiwa. Mazan kuma kitso guda suke yi ya sauka har gadon baya.

Na kama ɗaki dala goma sha biyu, ruwan zafinsa sai ya ga dama. A kasuwa na wuce layin da aka gasa alade sukutum da kansa yana kallon mutane, na wuce masu soya wata dabba mai kama da gafiya, na zauna wurin wata mai miyar dankali. Sau uku ina tambayarta ko da man alade a ciki, har ta gaji ta ɗauko mini galan ɗin man da take girki da shi ta dangwara a gabana. Na ci miyar da fiya da soyayyen kifi, na biya dala uku, na yi hamdala.

Juma'a: gidan Mama Juana

Segundo, yayan Rosa, ya zo ɗaukata da hantsi. Masaƙi ne, ya taɓa yawon sayar da rigunan sanyi a ƙasashen Turai, don haka yana da Turancin da zai fid da mu kunya. Ya ce mu hau tasi zuwa ƙauyensu Peguche, dala biyu ne. Na ce a'a, da ƙafa za mu. Ba rowa ba ce, gwiwata nake so in gwada kafin gobe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Muka bi tsohon layin dogo, gonakin masara hagu da dama, karnuka suna yi mana rakiyar da ba mu nema ba. Gabanmu wani ƙaton dutse ya tokare sama, kansa a cikin gajimare, Segundo ya ce sunansa Imbabura, su baba suke ce masa. Tafiyar da ya ce ta rabin awa ce ta ci mana awa guda saboda tsaye-tsayena. Tun kafin mu shiga ƙauyen nake jin ƙarar masaƙa daga cikin gidaje.

Mama Juana, uwar Rosa, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, ta haura tamanin. Na cire takalmi na durƙusa har ƙasa na gaishe ta kamar yadda aka koya mana. Ta ruɗe, ta kama ni tana ɗagawa tana magana da Kichwa. Na fiddo saƙon Rosa, wata rigar sanyi ruwan toka da ta kwana da ita kafin ta ba ni. Tsohuwar ba ta duba kyan rigar ba, fuskarta ta cusa a ciki ta daɗe ba ta ɗago ba. Ni da nake taƙama da taurin ido sai ga ni ina neman bakin hijabi.

Da muka natsu na fiddo tawa gaisuwar. Na ce da Segundo ya gaya mata wannan dabino ne daga Madina, garin da Annabinmu yake kwance, kuma a duk abin da ke gidana babu abin da ya fi shi daraja a wurina, shi ya sa na kawo mata. Ya fassara. Ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ba ta buɗe ba, ta ƙulle a gefen mayafinta. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina ashe tsofaffi ko'ina ɗaya ne, ba a buɗe kyauta a gaban mai ita. Haka kakata take yi da goro. Ban kawo komai a raina ba bayan wannan.

Aka kawo dafaffiyar masara manya-manya, da wake, da dankali, da cuku. Segundo ya nuna mini tukunyar, sabuwa fil, ya ce Rosa ta yi musu kashedi cewa ba na cin abin da ya taɓa alade, shi ya sa suka sayo wadda ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. A gadon Rosa na kwana, ƙarƙashin barguna uku.

Asabar: magangarar ruwa

Muka fita da hantsi mu uku. A ƙofar dajin akwai 'yar rumfa inda baƙo ke rubuta sunansa ya jefa abin da ya sawwaƙa, na jefa dala biyu. Daga nan hanya ta shiga cikin dogayen itatuwan turare, ƙamshinsu har cikin maƙogwaro. Da farko shimfiɗaɗɗen dutse ne, daga baya ta koma hawa da matakala masu santsi. Gwiwata ta dama ta fara yi mini tsiya, numfashi yana ƙin isa. Tsohuwa mai shekara tamanin tana gabana da ƙunshi a baya, ko haki ba ta yi, tana waiwayowa tana jirana. Na ce da gwiwar, yau ko ki kai ni ko in kai ki.

Ƙarar muka fara ji, sannan feshi ya fara jiƙa mana fuska, sannan muka sha kwana sai ga shi. Ruwa fari tas yana zubowa daga tsagin dutse, tsawonsa ya kai bene mai hawa biyar ko shida, yana dukan ƙasa har kana jin bugun a ƙirjinka. Rabona da ganin irinsa tun muna 'yan makaranta aka kai mu Matsirga ta Kafanchan. Abin da ya fito daga bakina shi ne Subhanallah, kuma da ƙarfi na faɗe shi. Na duba agogo, a daidai lokacin 'yan matana suna zaune a Bowie wata tana riƙe musu aji.

Ba zan yi muku ƙarya ba, mutanen nan suna girmama ruwan. Suna yi masa magana kamar mai ji, suna wanka a cikinsa don neman tsarki, suna ajiye masa furanni. Hajiya Turai ba ta yi ƙage ba a nan. Ni ma ban je da niyyar in ce ba haka ba ne.

Mama Juana ta zaɓi wani faffaɗan dutse a gefe, ta nuna mini inda zan tsaya, inda Rosa ta tsaya ranar da za ta tafi. Na kunna waya na fara ɗauka. Ta kwance ƙunshinta, ta jera furanni, ta zuba ƙwayar masara. Sai ta kai hannu gefen mayafi ta kwance ƙullin jiya. Ta yage ledar da haƙori, ta zaro dabinon Madina guda uku, ta ɗora a tsakiyar furannin.

Gabana ya yanke ya faɗi. Na ce Innalillahi a zuci. Sai a lokacin na gane abin da na yi da bakina: na ce mata wannan ne mafi daraja a gidana, ita kuwa a wurinsu abin da ya fi daraja shi ake kawowa nan. Babban yatsana yana kan wurin kashewa. A daidai nan ta ɗago ta dubi wayar, ido cikin ido, abin da ta ƙi yi shekara goma sha shida, ta ce, "Rosa."

Ban kashe ba. Ta yi ta magana, murya tana rawa tana komawa daidai, Segundo yana raɗa mini kaɗan-kaɗan. Ta ce ta yafe mata tafiyar. Ta ce kada ta dawo don binne ta in dawowar za ta raba ta da 'ya'yanta, ƙasa ba ta gudu. Ta ce ta riƙa cin abinci, ta ga wuyanta ya rame. Ta nuna dabinon ta ce 'yar uwarki Rakiya ta kawo abin da ya fi komai a gidanta. Ta ɗebo ruwa a tafin hannu ta watsa wajen wayar.

Da ta gama ta sake ɗebowa ta nufo ni da shi. Na ja da baya na ce da Segundo, "Gaya wa Mama addinina bai yarda da wannan ba. Kuma dabinon nan mu ci muke yi, ba ma ba ruwa."

Ya faɗa mata. Ta zubar da ruwan ba tare da ta ɓata rai ba, ta zaro dabino ɗaya ta sa mini a hannu, ta jefa ɗaya a bakinta, ta yi magana tana taunawa.

"Ta ce jiya kin ba ta, ya zama nata," in ji Segundo. "Ta ba da nata inda take bayarwa. Wannan naki ne, ki kai shi inda kike kaiwa."

Na yi bismilla na ci. Na juya maganar ta kowace fuska ban ga inda ta karkace ba.

Muka zauna muka ci guzuri har rana ta karkata. Na gangara can ƙasa inda ruwan ya zama rafi kamar kowane rafi, na yi alwala, sanyinsa har cikin haƙori. Na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa ɗankwali a busasshen wuri na ta da azahar. Ina cikin raka'a ta biyu na ji hayaniyar masu yawon buɗe ido sun nufo ta gabana, sai na ji muryar tsohuwar ta daka musu tsawa. Da na sallame na gan ta tsaye ta ware hannuwa ta tare hanya, ta sa mutum wajen goma sun zagaya ta bayana. Ba ta san me nake faɗa ba, ba ta kuma tambaya ba.

Lahadi da Litinin: ruwa na biyu da hanyar gida

Lahadi na ce tunda a kan ruwa ɗaya za a zauna mini mitin, gara in ga biyu. Na hau bayan a-kori-kura da manoma da buhunan dankali, dala ɗaya, zuwa hanyar wata magangarar da ake kira Taxopamba. Daga bakin titi tafiyar ƙafa ce ta cikin gonaki da laka, na faɗi zaune sau ɗaya, babu wanda ya gani sai wata saniya. Na tarar da wurin babu kowa. Na zauna na yi tasbihina na dawo.

Litinin da sassafe Mama Juana ta ɗaura mini ƙunshin soyayyar masara na Rosa, ni kuma ta yafa mini wani shuɗin mayafi da Segundo ya saƙa. Mota zuwa Kito, jirgi zuwa Panama, wani zaman jiran, sannan Dulles. Na nuna wa jami'i masarar da kaina, ya ga soyayya ce ya ce in wuce.

Nafisa ce ta zo ɗaukata daga Alexandria. Tun a wurin ajiye motoci ta karɓi wayar ta kalla, na ga fuskarta ta canza. Da Turanci ta yi maganar, kamar yadda ta saba in abu ya dame ta. Ta ce in bari ta yanke wurin dabinon, aikin minti ɗaya ne, sannan in ce wa kwamiti a gida kawai na gaida tsohuwa.

"Mayar baya ki saurara," na ce. "A ina ta kira sunan Rosa?"

Ta mayar. Hannun tsohuwar yana kan dabinon ta kira sunan.

"Mama, ajinki fa," ta ce, wannan karon da Hausa.

"Na sani. Amana aka ba ni, ba zan kai ta da gutsure ba. Ja mota."

Bowie

Washegari a ɗakin hutu na wurin aiki na miƙa wa Rosa masararta da wayar. Ba zan ba da labarin yadda ta yi ba, wannan nata ne. Da ta iya magana ta tambaye ni ko za ta iya tura wa danginsu. Na ce uwarki ce. Na san akwai matanmu uku a wurin aikin, na san kuma inda zai kwana, don haka a ranar na tura wa kwamiti da hannuna, cikakke, kada wani ya riga ni ya yanka shi yadda yake so.

Ranar Asabar aka zauna a ɗakin ƙasa, a kan tabarmin da ni na saya. Shayin ma an tanada.

"Dabinon da na ɗauko da hannuna daga Madina!" in ji Hajiya Turai. "Shi kika kai wa ruwa, Malama?"

"Tsohuwa na kai wa, Hajiya. Ke da kika ba ni, kin bi ni gida kin ga abin da na yi da shi?"

"Kina tsaye aka yi, ba ki hana ba."

"Ina tsaye. Aka nufo ni da ruwan na ƙi, na faɗi dalili a gabansu. Na yi sallata, ita ta tsare mini gaba. Tauhidin da nake koya wa yaran nan na kai shi har bakin ruwan na dawo da shi lafiya. Wanda bai taɓa fita da nasa daga falo ba, shi ya san ƙarfinsa."

Wani daga cikin iyaye maza ya ce a yi haƙuri, in dai zan tsaya gaban yara in ce na yi kuskure, magana ta wuce. Na ce da na san abin da za ta yi da dabinon da na kai mata atamfa, wannan gaskiya ne. Amma zuwan da tsayuwar da ɗaukar, ko gobe aka ce in sake zan sake, ba zan tsaya gaban yaran da na hana ƙarya in yi musu ita ba. Suka yi ƙus-ƙus, suka ce za a ba wata ajin har a ga abin da hali ya yi. Na ciro makullin ƙofar gefe daga cikin makullaina, ya yi gardama don ya daɗe a wurin, na ajiye kusa da kofin shayin da ban sha ba.

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ban kai babban titi ba na tsaya a gefen hanya na yi kukana ni kaɗai. Har yau in Asabar ta zo ina farkawa da wuri in rasa inda zan sa kaina.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da gwiwoyina biyu. Na gode wa Malam Isufu, da Nafisa da ta ja mota ba ta ƙara magana ba, da Segundo, da mai sabuwar tukunya. Rosa kuwa kullum a lokacin hutu sai ta kunna wurin nan da aka ce in yanke, ina daga ɗaya teburin ina jin tsohuwa tana kiran sunanta.

Shekaranjiya Hajiya Turai ta aiko Malam Isufu ya ji ko na sauko, wai ƙofa a buɗe take. A ranar kuma Segundo ya aiko cewa Mama ta cinye sauran dabinon ɗaya-ɗaya, tana tambaya ko ana samun irinsa. Na ce da Malam Isufu ya gaida Hajiya da kyau, ya ce mata in Allah ya sake kai ta Umra ta taho mini da leda biyu.